Barmilin da Gado Ya Wanke Sau Bakwai

Itacen ya shigo gidan Gado ne a cikin gwangwanin man girki, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. A shekarar Gado yana yi wa 'yan Sin ban ruwa a lambunsu, waɗanda suka zo gina madatsar ruwa a wajen Shawak. Da aikinsu ya ƙare suna ɗaure kaya, tsohon da ke musu girki ya miƙa masa gwangwanin, ya nuna rana ya girgiza kai, ya nuna ruwa ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Lici." Iyakar karatun da Gado ya samu a kan itacen ke nan. 'Ya'yan itacen kuwa sau ɗaya ya taɓa sa su a baki, farare sol, masu santsi, da zaƙi da ɗan tsami. Tsohon ya nuna masa hoton ɓawonsu, ja mai ƙurji-ƙurji.

Ƙasar Gadarif ba ta san irin wannan baƙo ba. Baƙar laka ce. Da damina ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Don haka Gado ya haƙa rami a bayan madafa har ƙugunsa, ya kwashe lakar, ya cika shi da yashin kwari da tsohon kashin awaki. Ya kafa masa rumfar zana ta gefen da iska mai zafi ke bugowa, ya shimfiɗa karan dawa a gindinsa don kada danshi ya gudu. Idan yana gida shi ke ba shi ruwa da kansa, da sassafe da kuma bayan la'asar, kwano-kwano, yana jira ƙasa ta shanye kafin ya ƙara. Cikin shekara uku itacen ya kawo masa ƙirji. Bai taɓa fure ba. Amma duk lokacin da ya yi toho, sabon ganyen kan fito ja-ja, mai laushi kamar kunnen ɗan akuya, kafin ya koma kore, kuma wannan ya ishi Gado.

Yayarsa Atine, wadda ke zaune a ɗakin bakin ƙofa tun da mijinta ya rasu, ta ce itacen ya fi jaki shan ruwa, jaki kuwa ko ba komai yana ɗaukar kaya. Takan tsaya ta gaida itacen da safe, ta tambaye shi ya baƙunta, ya kewar gida. Gado ba ya tankawa. Dama shi ba mai yawan magana ba ne.

Abin da ke ciyar da gidan shi ne mashru, wato manyan gonakin dawa da riɗi da ake nomawa da tarakta kudu da gari. Can Gado ke yin damina, yana kwana a bukkokin kambo, wato sansanin da ke bakin gona, tare da sauran ma'aikata, ya leƙo gida idan aiki ya yi sauƙi.

A daminar nan ne 'yarsa za ta dawo goyon ciki. Ummusalama ita ce 'yar farinsa, tana aure a Mafaza, wannan kuma cikinta na farko ne. Idan ya shiga wata bakwai za ta zo gidan iyayenta ta haihu, ta yi wankan jego na kwana arba'in. Da yake 'yar fari ce, Gado bai taɓa kiran sunanta ba, shekara goma sha tara. Haka ma matarsa Hajo. Idan za su yi maganarta sai su ce yarinyar nan, idan suna son ta zo sai su yi gyaran murya. Ba sa kallon fuskarta kai tsaye, ba sa yaba ta a gaban mutane. Atine ce ta goye ta, ita ke mata faɗa, ita ke mata kitso.

Abin da ya tsaya wa Gado a rai shi ne ruwa. Famfon unguwarsu yakan zo sau ɗaya a kwana huɗu, wani lokacin ya manta da su gaba ɗaya, sai a jira mai amalanken jaki. Mai jego kuwa tana buƙatar tafasasshen ruwa safe da yamma, ban da na sha da na wanki, ban da na lici. Da aka gama feshin maganin ciyawa a mashru, sai ya ga gangunan robar da maganin ke zuwa a ciki jere a bayan kambo, shuɗa-shuɗa, masu murfi, ba ko ɗigo a cikinsu. Barmil ake ce musu, kuma kowa yana so. Ya roƙi wakilin gona, ya ba shi ɗaya.

Ya san abin da ya zauna a ciki, don haka bai yi wa wankin riƙon wasa ba. Ya tuna karatun da suka yi a zaure, cewa kwanon da kare ya sa baki a ciki sau bakwai ake wanke shi. Ya ce a ransa idan bakwai ta isa ga kare, to ta isa ga wannan. Ya ɗebo ruwa ya wanke barmilin yana ƙirgawa, na farko da ƙasa, sauran da toka da sabulu, har takardar da ke manne a jikinsa ta saɓule. Ya kife shi a rana kwana uku. Ya sa kai ciki ya shaƙa, bai ji komai ba sai warin roba.

Da ya kawo shi gida Hajo ta tambayi me aka zuba a ciki da. Ya ce kayan gona ne, kuma ya wanke. Ba ta ƙara tambaya ba. A ransa barmilin na wanka ne da ban ruwa, amma bai faɗa ba, don bai ga abin faɗa ba. Washegari ya koma mashru.

Sai bayan mako biyar ya dawo, ruwan sama ya riga ya ɗauke. Ya tarar yarinyar ta zo tun kwana kaɗan bayan tafiyarsa. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, da ƙyar saboda nauyi, ya amsa yana kallon katanga. Barmilin yana tsaye kusa da madafa, inda rana ke dukansa daga hantsi zuwa azahar. Hajo ta yi ta sa masa albarka. Ta ce tun da ya zo ta huta, duk ranar da famfo ya zo ta cika shi, kullum da safe kuma daga cikinsa take cika randar sha. Gado ya ji wani abu ya ɗan taɓa shi a ƙirji. Ya tuna sau bakwai ne, abin ya wuce.

Duk damina ba wanda ya ba lici ruwa, sama ta ɗauke musu. Yanzu ƙasa ta fara tsagewa, itacen kuma yana cikin toho. Gado ya koma ba shi safe da yamma, daga barmil.

A rana ta shida ya fito da kwanonsa ya tsaya. Sabbin ganyen sun naɗe gefensu ciki kamar cokali. Kan rassan ya lanƙwashe, ya murɗe, yana kallon ƙasa. Tsofaffin ganyen suna nan lafiya. Ya juya ganyen ɗaya-ɗaya yana neman ƙwari, bai ga ko ɗaya ba. Ya tona gindin da yatsa ko gara ce, ba gara.

Hajo ta ce baki ne. Matan da ke zuwa gaida yarinyar nan sun cika tsayawa suna kallon itacen, kuma ba kowace ke cewa masha Allah ba. Atine ta ce zazzaɓin ƙasarsu ne ya biyo shi, a nemi mota a mai da shi. Gado kuwa ya san wannan murɗewa. Ya gan ta shekara da shekaru a mashru, iyakar ganin ido, kwana uku bayan feshi, ciyawa ta sunkuyar da kai tana naɗewa kafin ta bushe. Amma ya ƙi yarda. Ya ce wa kansa ƙila zafi ne, ƙila takin ne ya yi yawa.

Ranar bai fita ba. Ya zauna a inuwar ɗaki yana gyara igiyar gado, idonsa yana kan randa. Yarinyar ta zo ta buɗe faifan da ke rufe da ita, ta tsoma moɗa ta sha. Kafin azahar ta dawo sau huɗu, don masu ciki ba sa jure ƙishi. Kowane zuwa sai ya ji igiyar ta tsaya a hannunsa. Idan ya yi magana dole ya faɗi abin da ya kawo gida, a gaban Hajo, a gaban Atine. Idan kuma ba haka ba ne, ya firgita mai ciki a banza, firgita ma tana iya yin ɓarna. Da yamma ya ce wa Hajo gara a riƙa cika randar kai tsaye daga famfo. Ta ce wane famfo, yau kwana uku bai ko yi tari ba. Ya bar tuwonsa rabi.

Da gari ya waye ya karya ɗan reshe ɗaya ya sa a aljihu, ya tafi kasuwa neman Mailafiya. Mailafiya shi ke haɗa maganin feshi a mashrunsu, shekara ashirin yana yi, fatar hannunsa har ta saba da saɓulewa. Ya same shi wurin mai shayi a bakin tashar Shawak, yana zaune a kan guntun benci. Suka gaisa. Gado ya zauna, ya ciro reshen ya ajiye a kan bencin tsakaninsu.

"Ya zol, mutumina, ka koma saida ganye ne?" in ji Mailafiya. Ya ɗauka yana dariya, ya juya shi, dariyar ta tsaya. "Wannan magani ya sha. Gonar wa?"

Gado ya ce ba gona ba ce, na gidansa ne, kuma babu mai feshi a unguwarsu. Mailafiya ya dube shi. Sannan ya tambayi ina barmilin da wakili ya ba shi.

"Sau bakwai na wanke shi."

"Kare ne ya sa baki a ciki?"

Gado ya dubi reshen.

Mailafiya ya ajiye kofinsa. Ya ce roba tana shan magani ne kamar yadda tukunyar ƙasa ke shan mai, ko sau saba'in aka wanke yana nan cikin jikinta, idan rana ta buga ta sai ta riƙa amayo shi kaɗan-kaɗan. Ya ce hanci ba ya jin sa, amma ɗanyen ganye yana ji. Shi kansa, in ji shi, bai taɓa kai ko ɗaya gida ba. Sai ya fara ba da labarin wani mutum a wajen Mafaza da ya riƙa shayar da awakinsa daga irin wannan barmil, ya ce shi bai gani da idonsa ba, ji ya yi, wai awakin sun yi ta zubar da ciki ɗaya bayan ɗaya. A nan ya ɗaga kai ya ga fuskar Gado, ya katse.

"Itacen kaɗai kake bai wa, ko?"

Gado ya miƙe. Ya bar reshen a kan benci.

"Gado. 'Yarka ta zo?"

Bai juyo ba. Daga tasha zuwa gidansa tafiya ce mai ɗan nisa, bai tsaya neman abin hawa ba. Wani ya gaishe shi a bakin masallaci, bai san ko ya amsa ba. Abin da yake yi a hanya shi ne lissafin moɗa, huɗu kafin azahar, wataƙila huɗu bayanta, mako biyar da kwana bakwai. Lissafin ya ƙi fita, ya sake daga farko.

Da ya shiga gida Hajo tana tankaɗe a bakin madafa, Atine tana tsinke zogale a tabarma. Yarinyar tana tsaye a gaban randa, ta ba shi baya, moɗa cike a hannunta.

"Ummusalama," in ji shi. "Ajiye."

Bai ɗaga murya ba. Rariya ta tsaya a hannun Hajo. Yarinyar ta juyo a hankali, ta dubi ƙofa tukuna kamar tana neman wanda ya yi maganar, sannan ta dube shi, ido cikin ido. Ta ajiye moɗar a ƙasa, ruwan ya zube a ƙafarta.

"Wa ya mutu?" in ji Atine.

A tsaye ya faɗa musu. Ya faɗi abin da ke cikin barmilin da, da yadda ya wanke shi, da abin da ganyen lici ke nunawa, da abin da Mailafiya ya ce game da roba. Labarin awakin ne kaɗai ya riƙe. Hajo ta ce ai ta tambaye shi, ranar da ya kawo ta tambaye shi, ya ce kayan gona. Ta maimaita sau biyu, ba da faɗa ba, kamar mai son wani ya tabbatar mata ta tambaya ɗin. Atine ba ta kula kowa ba. Ta tashi ta kama hannun yarinyar ta ja ta ɗaki, ta saki labule.

Gado ya tsaya a tsakar gida. Yana jin muryar Atine ƙasa-ƙasa, ba ya jin amsar. Da ta fito tana ɗaura mayafi ta ce masa ya nemo abin hawa yanzu. Yarinyar tana fama da ciwon kai da tashin zuciya tun makon jiya, ta ɗauka na ciki ne. Motsin cikin kuma ya ragu kwana biyu, yau tun safe ba ta ji ba. Kunya ta hana ta faɗa.

"Gidan 'yan kunya," in ji Atine. "Uba ba ya magana, uwa ba ta magana, 'ya ba ta magana. Sai itace ne ya buɗe baki. Wuce mu tafi."

A asibiti mata suka shiga, aka bar shi a baranda. Can sai aka kira shi. Likitar mace ce, ba ta fi 'yarsa da shekara goma ba. Ta tambaye shi sunan maganin da Larabci. Bai sani ba. A mashru magani kawai ake cewa, rubutun jikin kuma na Turawa ne. Ta ce to ya kawo takardar da ke jikin barmilin. Ya ce ta saɓule wajen wanki. Likitar ta dube shi, ya sunkuyar da kai. Suna cikin haka sai ga Mailafiya yana haki. Ashe ya bi shi gida, maƙwabta suka ce an tafi asibiti, ya koma nasa gidan ya ɗauko tsohuwar takarda irin wadda yake duba ma'auni a ciki. Likitar ta karanta, ta ce su jira a waje.

Suka zauna a kan dakali. Ta tagar ɗakin Gado yana jin wata na'ura tana shuu, shuu, kamar rediyon da bai kama tasha ba. Aka kashe, aka sake kunnawa. Mailafiya ya fara wata magana, ya bari. Gado ya ga wata mata ta wuce da jariri a kafaɗa, ya kau da kai. Sai shuu ɗin ya canza, wani abu ya shigo cikinsa, ƙaramin bugu mai sauri, ya ɓace, ya dawo, ya zauna.

Atine ta leƙo ta taga. "Yana nan," ta ce. "Barci yake, ɗan rainin wayo."

Amma likitar ba ta sallame su da dariya ba. Ta ce zuciya tana bugawa daidai, kuma mai yiwuwa abin da ya shiga ruwan kaɗan ne, tunda ɗanyen ganye ya fi mutum saurin nunawa. Sai dai ba za ta rantse masa ba. Akwai abin da na'ura ba ta gani sai an haihu. Ta ce a kawo yarinyar duk mako, kuma haihuwar nan a asibiti za a yi ta, ba a ɗakin gwaggo ba.

Da suka koma gida Gado ya karkata barmilin ya ja shi can bayan gari inda ake zubar da shara. Maƙwabciyarsu ta biyo shi tana cewa idan ba ya so ya ba ta, ko wanki ta yi da shi. Ya sa adda ya tsaga shi gida huɗu a gabanta. Randar ma ya fasa ta, ya sayo sabuwa. Mailafiya kuwa ya bi gidajen sauran waɗanda suka karɓi barmil a kambo, yana gargaɗinsu, ya sha ashar a gida biyu.

Saura mako shida, in ji lissafin Atine. Aka fara yankan dawa a mashru, wakili ya aiko sau biyu, Gado bai je ba. Ya ɗauki jarka biyu yana zuwa famfon wata unguwa da ƙafa, ruwan sha ba ya bari kowa ya ɗebo sai shi. Hajo ta daina yi masa magana in ba ta abinci ba. Yarinyar tana gaishe shi kamar da, daga nesa, shi ma ya koma kallon katanga. Sunan bai sake fitowa daga bakinsa ba. Abin da ya canza shi ne kowace safiya Atine kan tsaya a bakin ɗakinsa ta ce, "Ya yi shuri," ta wuce. Ranar da ta makara ya kasa tashi daga buzun salla har sai da ta zo.

Lici ya ci gaba da lalacewa. Murɗewar ta bi reshe bayan reshe, ganyen da suka naɗe suka yi baƙi a baki suka fara zuba. Gado ya kwashe karan dawar da ke gindin ya ƙone, ya kankare ƙasar sama har tsawon yatsa yana kiyaye ƙananan saiwoyi, ya zuba sabon yashi. Ya yi ta kwarara masa ruwa mai kyau don ya wanke abin da ya rage. Rassan da suka murɗe ya yanke su da wuƙa mai kaifi, ya shafa toka a bakin yankan. Da ya gama, itacen ya koma kamar ƙashin kifi. Bai mutu ba, bai kuma yi toho ba. Gado yakan kankari ɓawon da farce ya ga ko akwai kore a ƙasa. Akwai ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ya bushe.

Ya san babu abin da ya haɗa itace da ciki sai ruwan da suka sha tare, kuma an riga an raba su da shi. Duk da haka idan ya rufe ido abin da yake gani ɗaya ne, ɗan hannu ƙarami da yatsu a murɗe, sun lanƙwashe ciki kamar kan reshe. Bai faɗa wa kowa ba. Sau ɗaya bayan sallar Juma'a ya so ya tambayi liman ko wanda ya cutar da nasa ba da nufi ba akwai abin da ke kansa. Ya tsaya har mutane suka watse, ya gaishe shi, ya tafi.

Naƙuda ta zo da hantsi, ranar da sanyi ya fara sauka sosai. Suka tafi asibiti su huɗu. Ya sake zama a kan dakalin nan. Aka kira azahar, ya yi a barandar ya dawo. Hajo ta fito sau ɗaya ta nemi ruwan zafi, ta wuce shi, sannan ta dawo baya ta ce, "Ka yi addu'a, Malam." Rabon da ta kira shi haka tun ranar randa.

Dab da la'asar ya ji kuka, siriri, ya tsaya, ya sake tashi da ƙarfi. Bai san ko nasu ba ne, don ɗakin akwai mata uku. Ya miƙe, ya zauna. An ɗauki lokaci kafin Atine ta fito da abu naɗe a zani.

"Mace ce," ta ce. "Uwar tana lafiya, har ta fara neman abinci. Wannan kuwa ƙarama ce, amma likita ta juya ta gaba da baya ta ce ba ta ga abin faɗa ba yau. Sai dai a riƙa kawo ta, ta ga zamanta, ta ga tafiyarta. Karɓi amaryarka ka yi mata huɗuba."

Bai miƙa hannu ba. Zanin ya ɗan zame, hannun jaririyar ɗaya ya fito. Yana dunƙule, yatsun sun naɗe ciki, babban yatsan a ɓoye. Gado ya dafa bango.

"Yaya," ya ce. "Hannunta."

"Me ya samu hannun?"

"A naɗe yake."

Atine ta dubi hannun, ta dube shi. Ta buɗe baki za ta yi abin da ta saba, sai ta ga fuskarsa, ta fasa. Ta ce kowane jariri haka yake zuwa, shi ma haka ya zo, ita ta gani. Gado ya ce ta buɗe.

Ta gyara riƙon, ta sa ɗan yatsanta a tafin, ta shafa a hankali. Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, biyar, miƙaƙƙu, da farce kamar ɓawon riɗi. Suka tsaya a buɗe kaɗan, sannan suka rufe a kan yatsan Atine suka riƙe.

Gado ya daɗe yana kallo. Ya goge fuska da hannun riga.

"Ɗayan fa?"

"Kai, Gado."

"Buɗe ɗayan, Yaya."

Atine ta yi ajiyar zuciya, ta zauna a kan dakalin, ta fara warware zanin.